Oppenheimer da dutsen Kongo

Wasu daga cikinku sun sha tambayata wane ne ya cancanci a ƙona masa data cikin manyan fina-finan Turawa na 'yan shekarun nan. To ga amsata, sai dai ku yi haƙuri, rubutun yana da tsawo, domin ɗaya daga cikinsu ya ja ni cikin wani tarihi da ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Bari in fara sallamar masu sauƙi. Napoleon na Ridley Scott, wanda ya fito a ƙarshen 2023, ni dai bai burge ni ba. Yaƙe-yaƙen sun yi kyau a ido, amma mutumin da aka nuna mana kullum fuska a murtuke take, ba ka ga abin da zai sa sojoji su bi shi har Rasha su mutu cikin ƙanƙara ba. Akwai wurin da aka nuna yana harba igwa kan dalar Masar, alhali yaƙin na 1798 a Imbaba aka yi shi, da tazarar kilomita masu yawa daga dalar. Da masana tarihi suka yi magana, sai dattijon ya tambaye su wai suna wurin ne lokacin da aka yi. Haiti kuwa, da yadda Napoleon ya maido da bauta a wasu yankunan Faransa a 1802, an tsallake su kamar ba a yi ba. Gladiator II na 2024, shi ma na wannan dattijon, ya fi daɗin kallo, kuma Denzel Washington ne ya ɗauki fim ɗin a kansa. Amma kada kowa ya ɗauke shi darasin tarihi. Macrinus na gaskiya, wanda Denzel ya fito a madadinsa, haifaffen garin da yanzu ake kira Cherchell ne a Aljeriya, masanin shari'a ne, ya hau mulkin Rum daga 217 zuwa 218, kuma har aka kashe shi bai taka birnin Rum a matsayin sarki ba. Kifayen shak da aka zuba a filin dambe kuwa, wannan tsakanin darakta ne da Allahnsa.

Dune kashi na biyu, na Denis Villeneuve, wannan kam ku kalla, kuma in da hali a babban allo mai sauti. Tatsuniya ce tsagwaronta, daga littafin Frank Herbert na 1965: wata duniya ce ta hamada, a ƙarƙashin yashinta akwai wani sinadari da ba a iya tafiyar sararin sama sai da shi, manyan gidajen sarauta na waje suna ta kashe juna a kan wa zai haƙa, su kuma mutanen hamadar ana kallonsu kamar ƙwari. Ku riƙe wannan labarin a ranku, za ku ga dalili in mun yi nisa.

Wanda ya hana ni sakat shi ne Oppenheimer na Christopher Nolan. Ya fito ranar 21 ga Yulin 2023, awa uku cur, yawancinsa mutane ne zaune a ɗaki suna magana, amma ya tara sama da dala miliyan 900, kuma ya kwashe kyautar Oscar bakwai a Maris ɗin 2024. In kuna son hukuncina, fim ne na ƙwarai. Cillian Murphy ya iya nuna mutumin da kansa ke tafasa alhali bakinsa shiru. Wurin gwajin bam ɗin farko, na asubahin 16 ga Yulin 1945 a hamadar New Mexico, an yi shi da basira: haske ya fara zuwa, komai ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashin mutane, can sai ƙarar ta iso ta doke ka. Haka abin yake a zahiri, tunda haske ya fi sauti gudu. Masu sa ido sun kama 'yar tangarɗa, tutar Amurka mai taurari 50 a wani taro na 1945, lokacin da jihohinsu 48 ne. Wannan ba komai ba ne.

Mu ma'aikatan gwamnati, awa ta uku ita ce tamu. Matasa da yawa sun ce daga nan suka fara hamma, ni kuwa nan na gyara zama, domin duk wanda ya daɗe a ofis ya san wannan wasan. A 1949 Oppenheimer ya yi wa wani babban jami'i mai suna Lewis Strauss ba'a a gaban kwamitin majalisa, kan batun sayar wa ƙasashen waje wasu sinadaran bincike, mutane suka yi dariya. Strauss bai ce uffan ba, ya haɗiye. A 1953 ya zama shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Amurka. Sai ga wasiƙar ƙorafi ta ɓullo daga wani tsohon ma'aikacin majalisa, William Borden, wai Oppenheimer ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyat ne. Aka zaƙulo tsohon fayil, aka kafa kwamiti a 1954, aka zauna a wani ɗan ƙaramin ɗaki ba 'yan jarida. Masu tuhuma suna da takardun sirri, lauyoyinsa ba a ba su izinin gani ba, kuma ana sauraren wayarsa da lauyoyin nasa. Aka ƙwace masa izinin sanin sirrin ƙasa ana saura kwana ɗaya wa'adin aikinsa ya ƙare da kansa. Kun ga ai ba tsaro ake nema ba, tozarci ake nema. Shi ma Strauss ramin ya jira shi, domin a 1959 majalisar dattawa ta ƙi tabbatar da shi a matsayin ministan kasuwanci da ƙuri'a 49 da 46, ba irin tantancewar ka rusuna ka wuce ba. Gwamnatin Amurka ba ta soke hukuncin da aka yi wa Oppenheimer ba sai Disambar 2022, shekara 55 bayan rasuwarsa. Robert Downey Jr. ya fito da Strauss yadda ya kamata, har murmushin nan na maigidan da ya riga ya sa hannu a takardar canja maka wurin aiki yana tambayarka ya iyali.

Amma akwai wani ɗan wuri da ya tsaya mini a rai. A Los Alamos, garin sirri da aka gina don aikin, Oppenheimer ya ajiye wata tasa ta gilas da wani kofi, yana jefa ƙananan ƙwallayen gilas a ciki don ya nuna wa abokan aikinsa yawan yuraniyom da fulutoniyom da aka tace zuwa yanzu. Tasa tana cika a hankali, mu ma muna ƙirgawa tare da su. An gaya mana ana tace yuraniyom a Oak Ridge, ana samar da fulutoniyom a Hanford. Ba wanda ya ce mana ga inda aka haƙo dutsen da ake tacewa. Kuma ba ƙaramin dutse ake bukata ba, domin irin yuraniyom ɗin da ke fashewa bai kai kashi 1 cikin 100 na wanda ake haƙowa ba. Kafin a samu kimanin kilo 64 da aka zuba a bam ɗin Hiroshima, sai da aka niƙe tan-tan na dutse.

Amsar tana Afirka. Tun a wasiƙar da Albert Einstein ya sa wa hannu ranar 2 ga Agustan 1939 zuwa ga shugaba Roosevelt, wadda ake ɗauka ita ce mafarin aikin baki ɗaya, an ambaci Kongo ta Beljiyam a matsayin wuri mafi muhimmanci da ake samun yuraniyom. Mahaƙar sunanta Shinkolobwe, tana lardin Katanga, kusa da garin da yanzu ake kira Likasi, a hannun wani kamfanin Beljiyam mai suna Union Minière du Haut-Katanga. Allah ya zuba wa wurin abin da bai zuba wa ko'ina ba. Dutsen da ake haƙowa a Amurka da Kanada, in an samu kashi 1 cikin 100 na yuraniyom a ciki an yi sa'a. Na Shinkolobwe akwai wanda ya kai kashi 65. Da farko ma ba don yuraniyom ake haƙarsa ba, don radiyom ne da ake amfani da shi a asibiti da fentin agogo, yuraniyom ɗin kusan shara ne. Zuwa ƙarshen shekarun 1930 an rufe ramin, ruwa ya cika shi, ga tulin dutse jibge a waje.

Shugaban kamfanin, Edgar Sengier, ɗan kasuwa ne mai dogon hange. Masana kimiyya a Ingila da Faransa sun riga sun raɗa masa a 1939 cewa wannan sharar tasa za ta iya zama makami, kuma kada ta faɗa hannun Hitler. Da Jamus ta mamaye Beljiyam a Mayun 1940, sai ya sa aka loda kimanin tan 1,200 na dutsen a cikin durom-durom na ƙarfe, aka bi da shi ta teku zuwa New York, aka zuba a wani sito a tsibirin Staten. Ya yi kusan shekara biyu a nan ba mai nema. A Satumbar 1942, wani hafsan soja mai suna Kenneth Nichols ya je ofishin Sengier yana tambaya ko za a iya samo musu yuraniyom daga Kongo, sai ya ji ai kayan yana nan cikin gari tun tuni. A zama ɗaya suka ƙulla ciniki, aka rubuta da hannu a 'yar takarda. Daga baya aka kwaso ragowar tulin da ke Kongo, injiniyoyin sojan Amurka suka taimaka aka zuƙe ruwan ramin aka koma haƙa, kuma a 1944 Amurka da Birtaniya suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Beljiyam da ke gudun hijira a Landan cewa su ne ke da haƙƙin farko a kan yuraniyom ɗin Kongo. Kusan kashi biyu cikin uku na yuraniyom ɗin da aka yi aikin bam da shi daga wannan rami ɗaya ya fito. A 1946 Amurka ta ba Sengier lambar yabo.

Waɗanda suka haƙo dutsen fa? 'Yan Kongo ne, a ƙarƙashin mulkin mallakar da kowa ya san irin tarihinsa tun zamanin sarki Leopold. Da hannu suke tsince dutsen suna warewa, su loda a buhu da durom, ba abin rufe hanci, ba wanda ya gaya musu ƙurar da suke shaƙa tana da illa. A lokacin yaƙin gwamnatin mallaka ta ƙara wa mutanen karkara kwanakin aikin tilas a shekara. A Disambar 1941 ma'aikatan wannan kamfani na Union Minière suka shiga yajin aiki suna neman ƙarin albashi saboda tsadar rayuwa. A Elisabethville, wato Lubumbashi ta yau, aka tara su a filin ƙwallo, sojoji suka buɗe musu wuta, gomman mutane suka mutu. Wata tara kenan kafin Nichols ya shiga ofishin Sengier. Sunan Shinkolobwe kansa an ɓoye shi, ba a son ya fito a jarida ko a rahoto, kuma Amurka ta tura 'yan leƙen asiri Kongo don kada a yi fasaƙwaurin dutsen zuwa Jamus. Wata masaniyar tarihi, Susan Williams, ta rubuta littafi guda a kan wannan a 2016. Masana kimiyyar Los Alamos kowa an san sunansa, an san matarsa, an san har irin giyar da Oppenheimer yake haɗa wa baƙinsa. Leburorin Shinkolobwe kuwa a matsayin masu haƙar dutse kawai aka rubuta su, ba wanda ya bi sawun lafiyarsu bayan sun bar aiki.

Da Kongo za ta samu 'yanci a Yunin 1960, kamfanin ya toshe bakin ramin da kankare kafin a miƙa mulki. Kwana 11 da 'yanci, Katanga ta ɓalle a ƙarƙashin Moise Tshombe da goyon bayan Beljiyam da kuɗin kamfanin. A Janairun 1961 aka kashe firaminista Patrice Lumumba, kuma a Katanga ɗin aka kashe shi. Ba zan ce yuraniyom kaɗai ya jawo wannan ba, domin akwai tagulla da kobal da siyasar yaƙin cacar baka, amma duk wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar Katanga ba zai yi mamakin yadda manyan ƙasashe suka yi caa a kanta ba. Iyayenmu sojoji sun je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a rikicin nan, Murtala Muhammed yana cikinsu yana matashin hafsa, Aguiyi-Ironsi kuma har ya jagoranci rundunar baki ɗaya. Har yau talakawa na shiga ramin a ɓoye suna neman kobal, kuma a 2004 wani ɓangare ya rufta da mutane.

Na san abin da masu kare Nolan za su ce, kuma suna da hujja. Fim ɗin labarin mutum ɗaya ne, ta idonsa ake kallon komai, har rubutun fim ɗin ma da bakin Oppenheimer aka yi shi. Shi ya sa ba a nuna Hiroshima da Nagasaki ba, inda kimanin mutum 140,000 da kuma 70,000 suka mutu kafin ƙarshen 1945. Shi ma a rediyo ya ji an jefa. Na karɓi wannan uzurin rabi. Wurin da ake haska hotunan gawarwaki a ɗakin taro, shi kuma ya kau da kai, ya faɗi abu mai yawa game da mutumin. Amma fim ɗin da ya samu lokacin nuna mana soyayyarsa da shan sigarinsa da hawan dokinsa, bai rasa daƙiƙa talatin da wani zai buɗe baki ya ce dutsen nan daga Kongo yake ba. Kuma ba 'yan Kongo kaɗai aka share ba. An nuna mana New Mexico kamar fili ne fetal ba kowa, alhali an tashi manoma masu jin Sifaniyanci daga gonakinsu kafin a gina Los Alamos, kuma akwai ƙauyuka kewaye da wurin gwajin. Ba a gargaɗe su ba. Bayan fashewar aka ba jaridu sanarwar ƙarya cewa rumbun harsasai ne ya kama da wuta, toka tana sauka kan rijiyoyinsu da shanunsu. Dokar biyan diyya ta 1990 ta tsallake su, sai a 2025 aka saka su. A arewacin Kanada kuma akwai 'yan ƙabilar Dene da suka yi dakon buhunan dutsen yuraniyom a kafaɗa. A 1998 wakilansu suka tashi takanas har Hiroshima suka nemi gafarar mutanen garin, su da ba su ma san abin da suke ɗauka ba a lokacin.

Yanzu bari mu matso gida, domin abin da aka fara a New Mexico bai tsaya can ba. Sobiyat ta yi nata a 1949, Birtaniya a 1952, sai Faransa ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Da ta tashi gwaji, ba ta yi a ƙasarta ba. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 ta tayar da bam ɗinta na farko a kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin ƙasar. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Ku lura da watan, Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar Sahara tana sauke mana a kan kwanon abinci. Wannan shi ne abin da ya tayar da hankalin mutane a Najeriya da Gana tun 1959, tun kafin a yi gwajin. Daga Accra wata tawagar masu adawa ta kama hanya a mota da niyyar zuwa wurin gwajin su zauna, Faransawa suka tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Gana. Faransa ta ce ba wata illa, hamada ce ba kowa, irin maganar da aka yi a New Mexico. Sai a 2014 wata jaridar Faransa ta buga taswirar sojansu da aka cire wa sirri, wadda ta nuna cikin mako biyu burbushin ya kai Chadi da Mali da gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ta arewa kuma har kudancin Sifen. Gwaji 17 suka yi a Aljeriya zuwa 1966, huɗu a sararin sama, sauran a cikin dutse a In Ekker, ɗaya ma a 1962 ya ɓalle ya fito waje har ya taɓa ministocinsu da suka je kallo.

Abin da matasanmu da yawa ba su sani ba shi ne abin da Najeriya ta yi. Bayan gwaji na uku, na 27 ga Disambar 1960, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa ranar 5 ga Janairun 1961, ta ba jakadanta Raymond Offroy awa 48 ya bar Legas, ta hana jiragen ruwa da na saman Faransa shigowa. Ƙasar tana da wata uku kacal da samun 'yanci. Mutumin da ake yi wa kallon mai sanyin hali, ɗan lelen Turawa, shi ne ya kori jakadan De Gaulle. Matakin ya zo da tsada. Maƙwabtanmu da kayansu ke bi ta tashoshin Najeriya sun ji a jikinsu, har aka sassauta takunkumin jiragen bayan 'yan watanni, hulɗar jakadanci kuma ba ta dawo ba sai tsakiyar shekarun 1960. Shi Offroy ɗin daga baya ya zama ɗan majalisar dokokin Faransa, yana cikin na gaba-gaba wajen goyon bayan Biyafara lokacin yaƙin basasa. Irin su Strauss ba a Amurka kaɗai suke ba.

Sai Nijar. Kwana biyar da fitowar Oppenheimer, ranar 26 ga Yulin 2023, sojoji suka kifar da Bazoum a Yamai, nan da nan kalmar yuraniyom ta cika Facebook ɗinmu. Tarihinsa a can ya fara ne a 1957, lokacin da Faransawa masu neman tagulla suka ci karo da shi a Azelik. Aka kafa kamfanin Somair a 1968, aka fara fitar da kaya daga Arlit a 1971, sai Cominak a Akouta daga 1978 har aka rufe ta a 2021. Kamfanin Faransan ya sha canja suna, Cogema, Areva, yanzu Orano. A farkon 1974 Diori Hamani yana matsa wa Faransa lamba a ƙara farashi, tunda man fetur ya yi tashin gwauron zabi, sai ga juyin mulkin Seyni Kountché ranar 15 ga Afrilu. Yunwar fari da ake fama da ita a lokacin ta isa dalili ita kaɗai, amma sojojin Faransa da ke Yamai ba su motsa don ceton Diori ba. A nan ina roƙon 'yan uwa mu rage ƙarin gishiri. Na ga ana yaɗa cewa in Nijar ta rufe Arlit, Faris za ta kwana a duhu. Ba haka ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na yuraniyom ɗin Faransa ne ke zuwa daga Nijar a shekarun baya, Kazakistan ta fi ta. Gaskiyar da ba ta bukatar gishiri ita ce, Faransa tana samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, ita kuwa Nijar bayan shekara 50 tana fitar da yuraniyom, zuwa 2023 yawancin wutarta daga Najeriya take saye, shi ya sa da aka katse layin a Agustan 2023 Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu. Gwamnatin soja ta ƙwace lasisin Imouraren daga Orano a Yunin 2024, ta mayar da Somair mallakin ƙasa a 2025. Ni ban tafa ba tukuna. Canja sunan mai kamfani abu ne mai sauƙi, mun ga irinsa a nan gida. Abin da zan duba shi ne ko ruwan da ake sha a Arlit zai canja, da kuma wa zai kwashe miliyoyin tan na sharar da Cominak ta bari a fili iska tana kaɗawa.

Kada kuma a manta an taɓa cin wata ƙasa da yaƙi da sunan wannan dutsen na Nijar. A Janairun 2003 shugaba Bush ya gaya wa majalisarsa cewa Saddam ya nemi sayen yuraniyom daga Afirka, alhali tsohon jakadansu Joseph Wilson ya je Yamai tun 2002 ya dawo ya ce babu alamar haka. A Maris hukumar nukiliya ta duniya ta ce takardun cinikin na jabu ne. Cikin watan aka afka wa Iraƙi.

To kun ga abin da ya sa na ce ku riƙe labarin Dune. Fim ɗin tatsuniya ya nuna mutanen hamada da masu zuwa haƙar abin da ke ƙarƙashinsu, fim ɗin tarihi kuma ya fara ƙirga daga ƙwallayen gilas. Duk da haka ku kalli Oppenheimer, ya cancanci awa ukun, sai dai akwai wurare biyu zuwa uku da ba na kallo da yara ba ne. In kun gama, ku nemi wani ɗan ƙaramin fim na 2016 mai suna La Colère dans le vent, wato fushi a cikin iska, na Amina Weira, 'yar Nijar da ta tashi a Arlit. Bai kai awa ɗaya ba, ba jarumi ko ɗaya a ciki. Mahaifinta ne ta bi da kyamara, wanda ya yi shekara 35 yana aiki a mahaƙar, shi da tsofaffin abokan aikinsa suna hira kan cututtukan da suka bi su gida bayan ritaya, da ƙarafan da aka fito da su daga kamfani aka sayar a kasuwa, maƙera suka mayar da su tukwane da kayan gida.